Ranar da firji ya ja ni

Na gama alwala ke nan, ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, na kama ƙarfen firji. Wani abu ya tsarga mini har kafaɗa. Abin da ya dame ni shi ne, da safe na taɓa wurin nan da silifas a ƙafata, ban ji komai ba.

Da yamma na kira ɗana, muka farke wata tsohuwar tocila mai batir uku, volt 4.5 ke nan. Muka yanke waya ɗaya, bakinta biyu suka zauna a buɗe. Duk abin da muka sa a tsakani, in ƙwan ya kama, to wuta ta samu hanyar zagayowa ta koma batir. In ba ta koma ba, ba haske.

Cokali, ƙusa, makulli: nan take. Roba da busasshen kara, shiru. Bakin fensir ya ba yaron mamaki, don ba ƙarfe ba ne, dangin gawayi ne, amma ƙwan ya haska.

A kan ruwa muka daɗe. Ruwan rijiya ya ba da ɗan haske kamar na tartsatsi. Muka zuba sukari, muka dama, ba abin da ya ƙaru. Da muka barbaɗa gishiri kuwa, ƙwan ya buɗe ido sosai, har ƙananan kumfa suka fara taruwa a jikin wayar. Gishiri in ya narke rabewa yake yi gida biyu, kowane ɓangare ɗauke da caji, su ke dakon wutar. Sukari ba ya rabewa haka.

Sai yaron ya ce, "Baba, mu fa?"

Na kashe fitilar ɗaki, na riƙe bakin wayoyin da busassun yatsu. Duhu. Na tsoma yatsun cikin ruwan gishirin na sake riƙewa, sai ga ɗan haske, ta jikina ya bi. Jini da gumi duk ruwan gishiri ne, busasshiyar fata ce kawai ke tare hanya. Wutar gida kuma wajen volt 230 ce, ta ninka ta tocilar nan sau hamsin.

Washegari mai gyaran wuta ya zo. Ya tarar da waya ta goge tana taɓa jikin firjin, wayar ƙasa kuma, wadda ke kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta ƙasa, ba a ma haɗa ta a soket ɗin ba. Shekara uku yarana na buɗe firjin nan.