Aikin sola: abin da ke tsakanin kwanon rufi da batir

Da wayarin ɗin gidaje na fara, ina bin maigidana daga wannan kango zuwa wancan, muna fasa bango muna binne fayif. A lokacin sola sai asibitoci da rijiyoyin burtsatse da gidajen masu hannu da shuni. Yau ina da ɗan shagona a Kano da yara huɗu, kuma kusan duk kiran da ke shigowa wayata maganar sola ce. Abin ya juya ne daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ma ta wuce 1,000. Sai kuma a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato unguwannin da aka fi ba wutar gari, naira 225 kowane yunit. Masu janareta suka fara lulluɓe shi da buhu a lungu.

Duk wanda ya shigo shago tambayarsa ɗaya ce: "Injiniya, fanel nawa zai ishe ni?" Ni kuma amsata ɗaya ce: "Alhaji, mu je mu zaga gidan tukuna." Fankar sama tana cin wajen wat 70, ƙwan fitila na zamani 10, talabijin ba wani abu ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne dutsen guga, wanda shi kaɗai yakan haura wat 1,000, da hitar ruwan zafi, da injin tura ruwa tanki. Firiza kuwa munafuka ce, tana tafiya a hankali amma lokacin tashi takan finciki ninki uku ko fiye na abin da take ci. Kuma na koyi in tambayi uwargida, don maigida bai san abin da ake jonawa bayan ya fita kasuwa ba. Shi ya sa nake raba layi biyu tun daga akwatin fis: manyan kaya su zauna a kan wutar gari, ƙanana su hau inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida.

Haɗa fanel ɗin kansu hanya biyu ce. Akwai siris, wato jar wayar wannan ta shiga baƙar na gaba, haka har ƙarshen layi kamar raƙuman ayari. A nan bolt ne ke taruwa, wato ƙarfin da ke tura wutar, amfiya kuwa, wato yawan wutar da ke gudu a waya, tana nan yadda take. Akwai kuma faralel, ja da ja, baƙa da baƙa, inda amfiya ke taruwa bolt bai motsa ba. Ɗauki fanel takwas masu wat 550, kowanne yana ba da amfiya wajen 13, kuma in ba a jona masa komai ba mita takan nuna bolt kusan 50. Ka jera su a siris, ka sami bolt kusan 400 da amfiya 13, wayar sola mai kaurin milimita 4 ko 6 za ta sauko da wutar daga rufi lafiya lau. Ka haɗa su duka a faralel, amfiya ta haura 100, sai ka nemo waya mai kaurin yatsa. Dalili kuwa amfiya ce ke dafa waya, in ta ninka sau biyu zafin ninkawa yake sau huɗu. Wutar da mutum ya saya da kuɗinsa sai ta ƙare a ɗumama bango.

To amma siris ma da nasa tarkon, kuma ni kaina na faɗa ciki. Farkon kama aikin kaina na jera fanel uku a siris a kan kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, mai iyakar bolt 150. Na lissafa, 49 da ɗoriya sau uku bai kai 150 ba, na ce shi ke nan. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne lambar da ke bayan fanel an auna ta ne a zafin digiri 25, kuma sanyi ɗaga bolt yake yi. Aikin ya yi wata biyu ƙalau. Da hunturu ya kankama, wata safiya mai sanyin da ke sa mutum jin tsoron alwala, rana na fitowa bolt ya tsallake iyaka, kwantirola ta ƙone. Mai gidan bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, ai kai ka ce ka iya." Daga aljihuna na sayi wata. Tun daga ranar nake barin tazara mai kauri tsakanin lissafina da iyakar na'ura.

Mutane suna zaton zafin rana ne ke ba da wuta, har wani ya ce min ai a watan Afrilu zai more. Haske ne ke bayarwa, zafi ma rage ƙarfin fanel yake yi. Shi ya sa ba na manna shi da kwano, sai na ɗaga shi a kan ƙarfe iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa. Muna fuskantar da shi kudu saboda Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, mu ɗan kishingiɗa shi yadda ruwan sama zai wanke ya gangare.

Rabin aikina yanzu gyaran aikin wasu ne. Kwanakin baya wata Hajiya ta kira ni, batir ba ya kai su ƙarfe goman dare, kuma an ce mata batir ɗin ne ya mutu, ta kawo kuɗin sabo. Na hau rufi. Fanel huɗu ne a siris, biyu tsofaffi masu wat 300, biyu sababbi masu 550. A siris kuwa ƙaramin ne ke yanke wa kowa hukunci, manyan ba za su wuce amfiyarsa ba, wato wani kaso na kuɗin da ta ƙara a banza. Ga tankin ruwa a yamma da su, daga ƙarfe biyu inuwarsa ta rufe ɗaya, shi kuma ya janyo sauran ƙasa. Wayar da ta sauko irin ta soket ce, an murɗe mahaɗar da hannu an naɗe da salatif, rana ta gasa shi har ya zama gari. Na kankare bakin wayar da wuƙa, sai ga fari a ciki: alminiyom ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. Na sauko da guntun na nuna mata. Ta juya shi a hannu ta ce, "Ɗan nan, ni ina zan san wannan?" Gaskiyarta. Muka raba fanel ɗin gida biyu, muka matsar da su daga inuwa, muka sa waya ta gaske da MC4, wato mahaɗar da aka ƙera musamman don wayar fanel. Batir ɗin da aka yanke wa hukuncin kisa ruwa kawai yake so da caji mai kyau.

Abin da ya fi tayar min da hankali a irin waɗannan gidaje shi ne bureka, makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa. Sai ka ga an sa ta wutar gari a layin fanel don ta fi araha. Wutar gari tana kai da komo, sau 100 take ratsa sifili a daƙiƙa ɗaya, don haka in tartsatsi ya tashi yakan mutu da kansa. Wutar fanel da batir, wadda ake kira DC, miƙe take, in ta kama tartsatsi sai ta riƙe shi kamar na mai walda har roba ta kama. Burekar DC daban take, kuma ba na barin gida ba tare da ita da fis a kan batir ba. Inbata mai 5kVA a kan batir mai bolt 48 tana iya jan amfiya sama da 100, saboda haka wayar batir milimita 25 ko 35 nake sawa, gajeriya, a matse bakinta da kyau. Sai sandar jan ƙarfe da muke kafawa a ƙasa saboda tsawar damina, wadda ita ce abu na farko da mai gida ke cewa a cire in ya ga jimillar kuɗi. A nan muke daɗewa muna ja.

Yarana sun haddace tsari: batir ake fara jona wa kwantirola, sannan fanel, in za a kwance kuma fanel ake fara cirewa. Ba a zare MC4 wuta na gudu. Kuma ko da waya ja ce jawur, sai an ɗora mita an tabbatar, don na taɓa samun wanda ya yi duk aikinsa da baƙar waya kala ɗaya. Ƙaramin cikinsu har yanzu yakan manta, in na ce "ka auna?" sai ya sosa ƙeya ya koma sama.

Da hazo ya sauka kira zai yawaita, kowa na cewa solarsa ta lalace. Yawanci ƙura ce ta kwanta. Nakan ce a sa yaro ya hau da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi, ban da omo, ban da tsintsiya. Mu ma da sassafen muke hawa. Gobe muna da aiki a wani bene, na ce wa yara a haɗu bayan sallar asuba, don ƙarfe sha ɗaya na yi kwanon nan ba ya takuwa ko da takalmi.