Akawun da bai san lissafin gidansa ba

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da littafin kuɗi a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, nan Kano. Bokiti muke yi, da buta, da kujera, da kwanon roba. Ko tsakar dare ka tashe ni ka tambaye ni nawa muke bin dila wane, zan faɗa maka har kwabo. Amma ranar da albashina ya sauko daga naira dubu 180 zuwa dubu 120, a watan Oktoban 2023, na zauna a bakin gado ina son in haɗa jimlar abin da ake bi na, sai na kasa. Na san ana bi na. Nawa ne, sai Allah.

Ragin bai zo mini da mamaki ba, tunda ni ke ganin littafi. Tun 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, dala ta yi gaba abinta. Ƙwayar robar da muke narkarwa da dala ake yi mata kuɗi, injinanmu kuma dizal suke sha in babu wuta, ga shi mai sayen bokiti ya koma neman na tuwo. Aka soke aikin dare, aka ce ma'aikatan ofis kowa zai bar kashi ɗaya cikin uku. Da hannuna na buga takardar, sunana ne na huɗu a jere.

Wata biyu ban gaya wa maiɗakina ba. Kuɗin cefane na ci gaba da ajiyewa yadda na saba, giɓin kuma ina cike shi da irin manhajojin nan na waya masu ba da bashi cikin minti goma. Ka karɓi dubu 40, kafin wata ya zagayo ana neman dubu 50 da ɗoriya. Da wa'adi ya cika sai na ciwo a wata manhajar na biya ta farko. Gudun gara, na faɗa gidan zago. Kuma na san kuɗin ruwa ne, na san hukuncinsa, sai dai na riƙa ce wa kaina lalura ce. Ranar da na makara da kwana huɗu, suka tura saƙo ga mutanen da ke cikin wayata cewa ni macuci ne. Cikin waɗanda suka samu har da yayan matata.

Na dawo daga sallar isha na tarar da ita zaune, ba ta ko taɓa abincinta ba.

"Malam, Yaya ya kira ni. Me ke faruwa ne?"

Ban iya ba ta amsa da baki ba. Littafin rubutun ɗaya daga cikin yara na ɗauko, na ja layi kamar yadda nake yi a ofis, na fara zubawa. Ƙungiyar adashen ma'aikata, dubu 250, ragowar abin da na ranta na sayi fili. Yayana, dubu 200, kuɗin hayar bara. Alhajin shagon bakin layi, dubu 85. Manhajojin waya, dubu 60. Cikon kuɗin makarantar yara, dubu 45. Jimla dubu 640. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Ai na ɗauka ya fi haka." Ni kuwa a raina na ɗauka bai kai haka ba.

Kuskuren farko da na yi shi ne na zama ɗan sanda a madafa. Dunƙulen magi nawa aka sa a miya, me ya sa sukari ya ƙare ranar Laraba, wa ya bar sabulu cikin ruwa. Sati uku gidan babu daɗi. Ita ba ta yi mini musu ba, sai ta ce tunda rubutu ake yi, in rubuta duk abin da ya fita daga aljihuna ni ma, daga fitata da safe zuwa dawowata, na wata ɗaya. Na yarda saboda na tabbata ba za a sami komai ba. Da wata ya cika muka haɗa. Shayi da Indomie a majalisa, tsiren da nake tsayawa in saya "saboda yara" alhali rabi a ciki na yake ƙarewa, data, katin waya, ɗari biyar ɗin da nake miƙa wa duk wanda ya ce mini ranka ya daɗe: dubu 27. Duk tsumulmular da na sa ta yi a madafa kuwa ba ta tara dubu 3 ba. Ba ta ce komai ba, biron kawai ta miƙo mini.

Abin haushin, na san wannan a wurin aiki. Lokacin da dizal ya fi ƙarfinmu, an fara da hana shayin ofis da ƙidaya takardar bugawa, kuma ni na nuna wa manaja a rubuce cewa duk wannan bai kai kuɗin kunna babban inji na awa biyu ba. Abin da ya tsayar da asara shi ne kashe inji guda ɗungurungum, aka bar sauran suna aiki cikakke. A gida sai ga ni ina ƙidayar magi, injinan suna ta ruri.

To, muka nemo injinan namu. Na farko janareto. Lita ɗaya kowane dare, kusan dubu 20 a wata, don kawai fanka ta juya a kalli talabijin. Na sayar da shi dubu 70, a ranar na biya manhajojin nan kaf na goge su daga wayata, canjin na sayo fitila mai caji. Wanda ya san zafin Kano a watan Afrilu ya san ba ƙaramin abu muka yi ba. Tsakar gida muka koma kwana cikin gidan sauro, kamar yadda aka rene mu. Na biyu tukunyar gas, muka koma gawayi, aka bar gas ɗin don ruwan zafin asuba kawai. Na uku aljihuna, aka yanke mini dubu 8 a wata, har da data.

Na huɗun ne ya hana ni barci: makaranta. Yara biyu a makarantar kuɗi, dubu 45 kowanne a zango. Akwai wata ta unguwa mai dubu 15. Bambancin, in ka raba shi a shekara, dubu 15 ne kowane wata. Lissafi ya ce a canza, zuciya ta ƙi. Da na matsa wa kaina da tambaya, sai na ga ba karatun ne ya fi damu na ba, domin na je na zauna a ajin na ga malaman suna ƙoƙari. Abin da ke ci na shi ne maƙwabta za su ga an canza wa yara yunifom. Muka canza. Kwana biyu aka yi ana kallo, a na uku kowa ya koma kan tasa damuwar. Islamiyya ba mu taɓa ta ba, kuma na ɗauki alkawarin zama da su bayan magariba muna bitar lissafi, abin da ban taɓa yi ba sa'ad da nake biyan dubu 45.

Abinci kuwa kasuwa ce ta yanke mana hukunci. A farkon 2024 buhun shinkafa ya haura dubu 70, har mutane suka koma sayen afafata, wadda a da ba a ɗauke ta abincin mutum ba. Mu masara muka koma wa, da dawa da gero: tuwo, dambu, fate, koko da safe maimakon shayi da burodi. Nama ya zama na Juma'a, sauran kwanaki awara ko busasshen kifi. Da kakar 2024 ta zo muka haɗa kuɗi mu uku a layinmu muka je Dawanau muka ɗauko buhu muka raba. A nan na ga wani abu da ke ba ni takaici har yau: mai sayen mudu-mudu shi ya fi kowa sayen tsada, kuma shi ne wanda ba shi da na buhu. Masu cewa talaka ya iya tattali su fara duba wannan.

Sai masu bashi. A nan ne aikina ya fi yi mini rana, domin shekara da shekaru ni ke kiran dilolin da muke bi. Na san wanda muke ɗaga wa ƙafa da wanda muke tura wa takarda. Girman bashin ba shi ke raba su ba. Akwai dilan da muke bi miliyoyi, amma duk ƙarshen wata zai shigo da kansa, ya ajiye ɗan abin da ya samu, ya ce ga halin da kasuwa ke ciki. Irin wannan ko kaya ya nema sai a ƙara masa. Akwai kuma wanda kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma ya kashe waya, in ya hango motarmu ya bi ta bayan kasuwa. Shi muke fara ɗaukar mataki a kansa. Ni kuma wata uku ina zagaye ta bayan layi don kada in wuce ta gaban shagon Alhaji.

Na je na same shi bayan la'asar. Na ce, "Alhaji, an rage mana albashi. Ba zan iya biyan kuɗinka gaba ɗaya ba. Dubu 10 zan riƙa kawowa duk wata, kuma daga yau duk abin da zan ɗauka da kuɗi a hannu." Ya ce, "Malam, ai bashi hanji ne. Ni abin da ya ɓata mini rai, ka daina gaishe ni." A ƙungiyar adashe na rubuta takarda aka rage abin da ake cire mini daga dubu 20 zuwa 12, aka tsawaita lokaci. Makarantar da muka baro ta karɓi nata kashi uku. Yayana kuwa cewa ya yi in bari sai na samu, kuma wannan kalmar ita ta fi tsorata ni, don bashin ɗan'uwa da "sai ka samu" yake ruɓewa, ya ɓata zumunci ba tare da kowa ya ce uffan ba. Na rubuta takarda na kai masa ya sa hannu. Ya yi dariya ya ce, "Ni za ka yi wa akawu?" Na ce, "Yaya, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka." Ya karɓi biron.

Akwai wani kashi na kuɗi da ba na iya sa masa suna a littafi sai daga baya: anko, gudummawar biki, kayan barka, ɗinkin sallah kala biyu. Maiɗakina ce ta fi ɗanɗana wannan. Bikin 'yar ƙanwar babarta aka fitar da anko, ta je da tsohuwar atamfarta, kuma an gaya mata magana. Ta dawo ta yi kukanta a ɗaki, washegari ta dasa kaskon awara a ƙofar gida. Ni ma na koyi miƙa dubu 2 a inda na saba ba da 10, in yi addu'a in tashi. Sallar layya ta 2024 ba mu yanka ba. Malamai sun faɗa, layya ga mai hali ce, amma sai ka rantse wajibi ce in ka ga yadda magidanta ke cin bashi saboda ita.

Abu ɗaya na ƙi taɓawa: dubu 10 da nake aika wa Inna duk wata. Wani abokina ya ce rashin lissafi ne mai bashi ya yi kyauta. Wataƙila a takarda haka ne. Ni dai ban sa shi a layin da ake ragewa ba, kuma ban yi nadama ba. Inda na yi nadama shi ne babur. Na ja lokacin juyen mai don in tsira da 'yan dubbai, injin ya buga, gyara ya ci dubu 38. Wata biyu na biyan bashi suka tafi a nan.

Kada in yi wa kowa ƙarya, rage kashe kuɗi kaɗai bai fitar da mu ba. Duk abin da muka datse bai wuce ya cike ramin dubu 60 ɗin da aka yanke ba, farashi kuma bai tsaya jiranmu ba: hauhawarsa ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024, fetur ya haura naira 1,000 kafin shekarar ta ƙare. Abin da ya biya bashin shi ne ranar Asabar da na koma yi wa wasu shaguna biyu a kasuwar Singa lissafi, dubu 25 a wata, da cinikin awararta, da dubu 20 da kamfani ya maido mana daga baya. Amma da ba mu toshe ƙofofin can ba, da wannan ma ta nan zai bi ya fice. Kuɗin haya kuma muka mai da shi zubi na wata-wata a wani asusu da ba ni da katinsa, don kada shekara ta zagayo in sake komawa gaban Yaya.

Na Alhaji ya ƙare a watan Satumban 2024. Ya buɗe littafinsa ya ja layi biyu a kan sunana, ya ce, "To, a auna maka shinkafa? Ka kawo ƙarshen wata." Na ce a auna mudu ɗaya, na ƙirga kuɗin na ba shi. Na ƙungiya ya ƙare bayan shekara guda. Yanzu saura dubu 50 na Yaya.

Littafin yaran nan ya cika tuni, muna kan na uku, kuma ba a hannuna yake ba. Jiya na dawo da ƙullin tsire, na farko cikin watanni. Ta karɓa, ta raba wa yara, ta ajiye mini nawa, sannan ta jawo littafin daga ƙarƙashin filo ta ce, "Malam, na nawa ne?"