Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙaramin Kwanon Baba

Makon jiya na tsaya ne a ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, bayan an cire masa tumbinsa gaba ɗaya saboda ciwon daji. Mun ɗauka wuya ta ƙare. Ashe tana jiran mu a kan tabarmar cin abinci.

Umma dai ba ta san wata hanyar nuna ƙauna ba sai cika kwano. Daren da muka dawo ta tuƙa tuwon shinkafa, ta haɗa masa shayi mai kauri, sukari cokali uku. Loma huɗu ya kai, ya kurɓi shayin. Ba a yi minti 20 ba sai gumi, sai jiri, sai gudawa. Umma ta fashe da kuka, wai ciwon ya dawo. Gwaggo kuwa cewa ta yi jifa ne, dama ita komai jifa ne.

Jami'ar abincin marasa lafiya ce ta warware mana. Ta ce tumbi ke riƙe abinci yana sakar wa hanji kaɗan-kaɗan. Da babu shi, komai sai ya zubo lokaci guda, kuma kayan zaƙi sun fi tayar da wannan. Ta ce ya riƙa ci sau 6 zuwa 8 a rana, ya tauna sosai, ruwa sai bayan rabin awa da gama ci. Ƙwai, kifi, alala, kunun gyaɗa ba sukari. Allurar bitamin B12 kuma har ƙarshen rayuwa, don abin da ke taimaka wa jiki ya tsotse shi a tumbi ake yin sa.

Na sayo ƙaramin kwanon silba. Baba ya dube shi, ya dube ni.

"Uwata, yaye ni za ki yi?"

"Haba Baba, ka yi haƙuri, na ɗan lokaci ne."

Ƙarya na yi, shi ma ya sani. Kwana biyu ya ƙi taɓa shi. Rana ta uku na zubo nawa a irin kwanon, na zauna nesa kaɗan ina ci. Bai ce komai ba, ya jawo nasa.

Ranar Juma'a muka ɗora shi a sikeli, kilo 49. Umma ta karɓi takardar da nake rubuta nauyinsa a ciki, ta ce daga yau ita za ta riƙe.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.