Godiya ga waɗanda suka taya mu jimamin rasuwar Baba, tsohon sojan ruwa kuma direban babbar mota

Assalamu alaikum. A madadin mahaifiyarmu, wadda ke cikin takaba, da ƙannena da sauran dangi, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga daren da Allah ya karɓi ran Baba har zuwa ranar da aka yi addu'ar bakwai. Mun gode wa matasan unguwa da suka yi sammako suka haƙa kabari, da liman da ya sallace shi, da matan maƙwabta da ba su bar mu mun ɗora tukunya ba har aka tashi daga zaman makoki.

Akwai kuma baƙin da godiyarsu ta daban ce, domin daga bakinsu muka ji abubuwan da Baba bai taɓa gaya mana ba. Abin da muka sani tun muna yara shi ne ya shiga sojan ruwa yana saurayi, lokacin rundunar, wadda aka kafa a 1956, ba ta daɗe ba, kuma ba kasafai ɗan Arewa ke zaɓen aikin teku ba. A ɗakin inji aka sa shi. Da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967, gwamnatin Yakubu Gowon ta sa sojan ruwa suka tsare gaɓar tekun gabas, kuma jiragensu, ciki har da NNS Nigeria, su suka raka dakarun gwamnatin tarayya ƙarƙashin kwamanda Benjamin Adekunle zuwa tsibirin Bonny a ƙarshen wannan watan, sannan Kalaba a watan Oktoba. Baba yakan ce shi bai ga yaƙi da idonsa ba, a jikin ƙarfen jirgi yake jin rugugin igwa, yana can ƙasa cikin zafi da warin baƙin mai, bai san dare ya yi ko gari ya waye ba. Daga nan sai ya canza magana.

Rana ta biyu da rasuwar, wani dattijo mutumin Kalaba, Kirista, ya iso yana dogara sanda bayan ya kwana a mota. Ya zauna a tabarma tare da mu har kwana uku. Shi ya ba mu labarin cewa da su Baba suka sauka tudu suka ga yaran da yunwa ta kumbura wa ciki, Baba ya daina cin rabonsa na abinci, sai dai ya ƙulle shi ya kai musu, kuma ya daɗe yana cewa tsare tekun da suka yi yana da hannu a wannan yunwar. A ranar muka fahimci dalilin da ya sa ransa ke ɓaci matuƙa idan ya ga an zubar da sauran tuwo, da dalilin da ya sa duk 15 ga Janairu, ranar da aka gama yaƙin a 1970, yake fito da farar hularsa daga akwatin ƙarfe ya goge ta ya mayar, ya wuni ba ya son hira. Baba na Kalaba, ba mu da abin da za mu saka maka da shi, Allah ya mai da kai gida lafiya.

Bayan ya ajiye kaki, sanin injin da ya samu a jirgi shi ya kai shi ga babbar mota. Yana kan hanya aka koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilun 1972, kuma ya shafe shekaru yana ɗaukar kaya daga Apapa, ya bi ta Ibadan da Ilori, ya haye gadar Jebba, ya kwana a Mokwa, ya ratsa Tegina da Birnin Gwari kafin ya shigo Kaduna ya miƙe zuwa Kano. Da kunne yake gane ciwon mota kafin bakanike ya buɗe ta. Idan barci ya fara fizgarsa, yakan faka ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, ko da mai kaya zai yi fushi.

Saboda haka muna gode wa direbobin da suka jera manyan motocinsu a bakin titi suka shigo layinmu a ƙafa, yawancinsu tsofaffin yaran motarsa. Ɗaya daga cikinsu, gemunsa duk furfura, ya riƙe hannuna yana hawaye, ya ce Baba ne ya koya masa tuƙi, ya biya masa kuɗin lasin, ya kuma biya sadakin aurensa, alhali mu a gida ba mu taɓa jin wannan zancen ba. Mun gode wa tsofaffin sojojin da suka zo suka tsaya a bakin kabari suka sara masa.

Muna roƙon duk wanda Baba ya saɓa wa ya yafe masa, kuma duk mai bin sa bashi, komai ƙanƙantarsa, ya zo gida ya same ni domin a sauke masa nauyin. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya kyautata namu zuwan.