Rumawa sun kai Indiya, amma Sahara ta gagare su

Masoron Indiya da masu kayan yaji ke ƙullawa a leda a kasuwar Sabon Gari, nan Zariya, shi ne ya riƙa jan jiragen Rumawa zuwa gabas shekara dubu biyu da suka wuce. Bayan Daular Rum ta ci Masar a shekara ta 30 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Strabo, masanin labarin ƙasa na wancan zamani, ya ce jirage 120 ke tashi daga tashar Myos Hormos ta Bahar Maliya zuwa Indiya duk shekara.

Tafiyar hawa-hawa ce. Daga Iskandariyya a bi Kogin Nilu kwana 12 zuwa Koptos. A can a labta wa raƙuma kaya, wani kwana 12 zuwa Berenike a bakin Bahar Maliya, akasari tafiyar dare saboda zafi, ana yada zango inda aka tanadi ruwa. A watan Yuli jirgi ke tashi: kwana 30 zuwa mashigar teku ta kudu, sannan kwana 40 zuwa Muziris a Kerala ta yau.

Lokacin tashin nan shi ne komai. Iskar damina ta Tekun Indiya tana busawa daga kudu maso yamma, ita ke tura jirgi. Wanda ya yi gaggawa ya iske gaɓar Indiya iska na tsakiyar haukarta, sai jirgi ya tarwatse. Wanda ya yi nawa wajen komowa, ya wuce Disamba da farkon Janairu, iskar gida ta kuɓuce masa, sai zaman jiran wata shekara. Ga 'yan fashin teku, shi ya sa ake ɗaukar maharba a jirgi. In kaya sun iso Masar lafiya kuma, hukuma ta karɓi kashi ɗaya cikin huɗu. Duk da haka akwai riba: Pliny, marubucin Rumawa, ya koka cewa Indiya na kwashe wa Rum kuɗin sesterce miliyan 50 a shekara.

To, me ya sa ba su iso mana nan ba, alhali ƙasar nan ta fi Indiya kusa? A ganina amsar tana cikin rijiya. Teku na da iskar da kowa zai iya koyon lokacinta, amma hamada sai mai ita. A shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa, kwamandan Rumawa Cornelius Balbus ya kai yaƙi har Garama, birnin Garamantawa a Fazzan ta Libiya, amma mutanen can kan cike rijiyoyi da yashi, baƙo ya rasa hanya. Wani matafiyi, Julius Maternus, ya fi kowa nisa, shi ma sarkin Garamantawa ne ya zame masa madugu: wata huɗu suna yin kudu har ƙasar Agisymba mai yawan karkanda, wadda wasu masana ke kai ta wajen Azbin, wasu Tafkin Chadi.

Sojojin da Sarki Nero ya tura neman tushen Nilu kuwa, fadamar Sudd ta Sudan ta Kudu ce ta tare su, ciyawa da ruwa sun cakuɗe, ba ta kwalekwale ba ta ƙafa.