Yadda nake karɓar taki tun da dokar 2019 ta fito

Ina sayar da takin zamani a Sabon Garin Zariya, kuma dokar kula da ingancin taki ta ƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, ta sauya yadda nake karɓar kaya. Sashen kula da kayan noma na Ma'aikatar Gona ta Tarayya, FISS, shi ke ba da izinin sayarwa. Na fara da rajistar kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, sannan na nemi izinin da adireshin shago da na sito. Wannan ɓangaren takarda ne da haƙuri.

Nauyin dokar yana kan buhu. Abin da aka rubuta a jikinsa alkawari ne, kuma wanda aka samu kayan a hannunsa shi za a fara tuhuma. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50 ya kamata ya ƙunshi kashi 15 cikin ɗari, wato kilo 7.5, na kowane sinadari cikin ukun (naitirojin da fosfet da potash), 20-10-10 kuma kilo 10 na naitirojin, yuriya mai kashi 46 cikin ɗari na naitirojin kuwa kilo 23. Idan jami'an sa ido suka ɗauki samfur aka ga ya gaza, za su iya hana sayar da kayan, kuma dokar ta tanadi tara da ɗauri.

Shi ya sa ba a sauke mini mota sai na ɗora buhuna a sikeli, daga gaba da tsakiya da baya. Ina duba bakin buhu: idan akwai layin tsofaffin hujin allura kusa da sabon ɗinki, an buɗe an sake ɗinkewa. Sunan kamfani da adireshinsa da lambar rukunin kaya su fito sarai, kuma lambar ta shiga rasit.

Yuriya tana da sauƙin gwaji. Zuba cokali biyu a kofin ruwa; ta gaske za ta narke tas, kofin ya yi sanyi a hannu, yashi kuwa ya kwanta a ƙasa. Wannan gwajin ba ya aiki a kan kamfa da aka gauraya, domin akan sa garin dutsen farar ƙasa a cike nauyi, kuma ba ya narkewa ko da takin lafiyayye ne. Nan sai ɗakin gwaji, irin na masana ƙasar noma da ke Samaru a nan Zariya. A ɗebi samfurin daga buhuna da yawa, sama da ƙasa, saboda jijjigar mota tana sa ƙananan ƙwayoyi su gangara gindin buhu.

A sito ina jera kaya kan katako, nesa da bango, don yuriya tana shan danshin damina ta dunƙule.

Sayarwa da tiya shi ne abin da ya fi damuna. Ƙaramin manomi daga Giwa ko Soba ba kullum yake da kuɗin buhu ba, amma takin da ya bar buhunsa ba shi da shaida, kuma ta nan algus ke shiga. Nakan ce su haɗu su uku ko huɗu su sayi buhu a rufe, su karɓi rasit, su raba a gida.