Yanyawa a gida: abin da doka ta ce, da abin yi idan an tsinci ɗanta

Lokaci-lokaci akan ga hoton 'yar yanyawa mai faffaɗan kunne a Facebook ko WhatsApp, an ce daga Nijar aka kawo ta, ta sayarwa ce. Iri biyu ne ake kira da wannan suna. Akwai ta cikin Sahara, wadda Turawa ke kira fenek, nauyinta bai cika wuce kilo 1.5 ba, kunnenta kuwa yakan kai santimita 15. Akwai ta yankin Sahel, mai kilo 2 zuwa 3, wadda ake samu har a can gefen arewacin Najeriya. Dila dabam ne, ya fi su girma nesa ba kusa ba.

Fenek tana jeri na biyu a CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wato ba a tsallaka iyaka da ita sai da takardar izinin fitarwa daga ƙasar da aka kamo ta. A nan Najeriya, an kafa dokar kula da cinikin irin waɗannan dabbobi a 1985, aka yi mata gyara a 2016. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke ba da izini, hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli da kwastam ke kamawa. Saboda haka duk wanda ya kawo maka ita cikin kwali ba takarda, kayan fasa-ƙwauri ya kawo maka. Ɗauko kowace dabba daga gandun daji irin na Kamuku a Birnin Gwari shi ma laifi ne.

Ko da takardun sun cika, gidan mutum ba wurinta ba ne. Da dare take yawo, tana kuka, tana haƙa. Ta Sahel takan haƙa rami mai tsawon mita 15. Fitsarinta yana da ƙarni sosai, kuma da shi take shata wurinta, ba horon da zai hana ta. Kaji da tantabarun maƙwabta kuwa, sai dai haƙuri.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon haukan kare. Allurar da ake yi wa karnuka ba a tabbatar da ingancinta a jikin yanyawa ba, kuma kwana 10 da ake tsare kare a duba shi bayan ya yi cizo, wannan ƙa'ida ba ta shafi namun daji ba. In ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti ranar don allura.

Idan an tsinci ɗan yanyawa a gona, kada a yi saurin ɗauka. Sau da yawa uwar na kusa, dare take jira. A ja da baya, a janye yara da karnuka, a dawo da safe. In yana nan, ko yana da rauni, a sa safar hannu mai kauri, a lulluɓe shi da tawul, a sa shi cikin kwali mai huji a wuri mai duhu da ɗumi. Kada a ba shi nonon saniya ko madarar shayi: zawo suke sa shi, zawon kuma ke kashe shi cikin kwana kaɗan. Madarar 'yan kwikwiyo ce ta dace, ita ma sai jikinsa ya yi ɗumi, yana kwance kan cikinsa, don kada ta shiga huhu. Wanda ya fara cin abinci a ba shi fara, gara, dafaffen ƙwai da nama mai ƙashi. Tsokar nama zalla tana hana shi sinadarin da ke gina ƙashi, ƙafafunsa su lanƙwashe. Albasa da cakulan guba ne gare shi.

Wannan duk riƙon kwana ɗaya ko biyu ne. A kira likitan dabbobi na gwamnati ko jami'an gandun daji, ko a kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A rage taɓa shi da yi masa wasa, domin wanda ya saba da hannun mutum, ranar da aka sake shi gari zai nufo, karnuka su gama da shi.